Bindiga A Gida Mai Yara: Ina Za Ta Kwana Idan Maigida Ba Ya Nan?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Daura ranar hawan Sallah ko lokacin Sallar Gani ya san rugugin bindigogin gargajiya da ƙaurin albarushin da ke tashi yayin da 'yan bindigar Sarki suke wucewa. Su ne 'yan bindiga na asali, kafin ɓarayin daji su ɓata wannan suna. Haka kuma a ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, maharbi da bindigarsa ta harbi-ruga ba baƙon abu ba ne tun kaka da kakanni.

Abin da ya sauya shi ne dalilin ajiye ta. Kodayake ƙasar Daura ba ta sha irin wahalar da Jibiya da Batsari da Safana da Faskari suka sha ba, jama'a ba su manta da ranar 1 ga Mayu, 2019 ba, lokacin da aka sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, aka kuma yi wata biyu kafin a kuɓutar da shi a Kano. A watan Agusta na 2021, gwamnan wancan lokaci, Alhaji Aminu Bello Masari, ya shawarci mutanen yankunan da ake kai wa hari da su nemi makamai su kare kansu. Daga bisani, a watan Oktoba na 2023, Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha domin wannan aiki ya koma hannun mutanen da aka horar. An yi ta muhawara a kan ko ya dace talaka ya riƙe bindiga. Mu abin da ya dame mu a nan daban ne: bindigar da ta riga ta shiga gida, wa yake kula da ita idan mai ita ya yi nisa?

Ya kamata mu duba yadda wannan bindiga take. Ta baki ake ɗura mata albarushi da harsashi, a danna, kuma aiki ne mai ɗaukar lokaci. Saboda haka wanda ya ajiye ta don tsoron ɓarawon dare ba zai yarda ta kwana ba ɗuri ba. Da zarar an ɗura ta kuwa, sauke ɗurin ba ƙaramin aiki ba ne, hanya mafi sauƙi ita ce a harba. Bugu da ƙari, ba a gane ɗurarriya da ido, kuma yawancin waɗanda maƙera suke ƙerawa ba su da abin da zai hana kunama tashi. Ke nan a gidaje da yawa bindiga tana jingine a bayan ƙofar turaka, ko tana kwance a ƙarƙashin gado, a shirye, wata da watanni. Maigida yana ganin ya ɓoye ta. Amma duk wanda ya yi yarinta a gidan yawa ya san babu lungun da yara ba su sani ba, har inda uwargida take ɓoye kuɗin adashe.

A watan Oktoba na 2022, 'yan sanda a Jihar Kwara sun ba da labarin wani yaro a ƙaramar hukumar Kaiama da ya harbe ƙaninsa ɗan shekara 12 da bindigar mahaifinsu, wanda maharbi ne, wajen gwajin maganin bindiga. Babu gaba tsakaninsu, babu faɗa. Irin wannan labari bai yi nisa da mu ba, domin labarin maganin ƙarfe da na bindiga yana cikin hirar samarinmu a dandali. Ko a Amurka, inda ake da akwatunan ƙarfe masu makulli, alƙaluman hukumar lafiyarsu sun nuna cewa a shekarar 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa. A wasu jihohinsu, kamar Kolorado, an fito da jerin wuraren da mutum zai kai bindigarsa ajiya na ɗan lokaci, ya karɓa idan buƙata ta wuce.

A ganinmu akwai lokutan da bindiga ba ta da dalilin kwana a gida. Bayan kaka, magidanta da yawa suna tafiya cin rani Kano ko Legas ko Fatakwal, su bar mata da yara. Wasu suna tafiya aikin Hajji. Ga lokacin biki da suna da Sallah, inda gida yake cika da 'ya'yan dangi daga ko'ina, har daga ƙetaren iyaka ta Kwangwalam, ɗakuna a buɗe, manya hankalinsu yana wajen baƙi. Akwai kuma wani lokaci da ba mu cika son ambata ba: idan akwai saurayi a gida da ya faɗa shaye-shaye, ko wani da damuwa ta yi wa yawa har yana maganar ya gaji da duniya, ko rigimar gado ta yi zafi tsakanin 'yan uba. A irin wannan hali, makulli ma bai isa ba, domin wanda ake gudu ya san inda mabuɗi yake.

To ina za a kai ta? Al'adarmu ita ce a ba maƙwabci ko aboki amana. Sai dai maƙwabcin nan shi ma yana da yara, don haka ba a kawar da haɗarin ba, an dai tsallakar da shi katanga. Sa'annan Dokar Makamai ta 1959, wadda ake aiki da ita a ƙasar nan, ba ta yarda a miƙa bindiga ga wanda ba shi da lasisinta ba, kuma ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba. Dokar ta ɗora wa mai lasisi alhakin tsare bindigarsa, ta kuma tanadi ma'ajiyar makamai ta hukuma inda ake iya kai ajiya. Lasisin bindigar da ake ɗurawa ta baki yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Saboda haka ga mai lasisi hanya a buɗe take: ya je wajen Baturen 'yan sanda na yankinsa, ya nemi bayanin yadda ake ajiya, kada kuma ya baro wurin ba tare da takardar shaida mai ɗauke da sunansa da siffar bindigar da kwanan wata ba.

A nan ne gizo yake saƙa. Mutumin ƙauye da ya gaji bindiga daga mahaifinsa, ba takarda, ba zai ɗauke ta ya nufi caji ofis ba, domin yana tsoron a ƙwace ta, a kuma tsare shi. Ba za mu ce tsoronsa ba shi da tushe ba. Muddin ba a warware wannan ba, kiran da za a yi a rediyo zai tsaya ne a kunnen 'yan tsirarun da suke da lasisi.

Wannan aiki ne da shugabannin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, za su iya ɗauka zuwa ga rundunar 'yan sanda. Mai unguwa ya san gidan kowane maharbi, Sarkin Baka ya san mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne a zauna a amince a kan hanyar da mutum zai zo da rakiyar dagacinsa, a rubuta bindigarsa, a taimaka masa ya nemi lasisi idan ya cancanta, a kuma gaya masa gaskiya tun farko idan irin bindigarsa ba ta cikin waɗanda za a iya mayar masa. Ba mu goyon bayan a tara bindigogi a zauren dagaci, domin zaure ba ma'ajiya ba ne, kuma tarin makamai a wuri ɗaya ba tsaro kiran ɓarayi ne.

Kafin a kai ga wannan, wanda zai yi tafiya kada ya bar bindigarsa da ɗuri. Ya kai albarushi wani wuri daban mai makulli, nesa da murhu, musamman yanzu da ake ajiye fetur a jarka a cikin gidaje. Ya gaya wa matarsa inda kowanne yake, domin ita ce za ta kwana da yaran. Lokacin da ya fi dacewa hakimai su tayar da maganar a tarukansu shi ne da zarar an fara girbin gero, kafin motocin 'yan cin rani su fara tashi daga tasha.