Raddi ga Masu Cewa Farar Wuta ba ta Cin Bututun Gas

Tun da aka ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a watan Yunin 2020, mai tsawon kilomita 614, samarin Kazaure da Roni da Babura da Gwiwa masu koyon walda da injiniyanci suke sa ran samun aiki. A cikinsu ake yaɗa cewa batun farar wuta bai shafe mu ba. Hujjojinsu uku ne.

Ta farko, wai farar wuta gari ce kawai, ana ajiye ta a gwangwani ta shekara lafiya. Busasshiya kenan. Idan ta jiƙe ta kwanta a kan ƙarfe, sai ta haifar da baƙin ɓawo wanda, maimakon ya kare ƙarfen, shi yake ƙara saurin cinsa. In akwai gishiri a ruwan, abin ya fi muni. Ba ta cin bututu bai-ɗaya. Rami take haƙawa a gefen ƙasa inda ruwa ke kwanciya, har ya ɓule alhali bayansa na sheƙi.

Ta biyu, wai gas ɗin Neja Delta ba mai tsami ba ne. Mun yarda sinadarin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kaɗan ne a cikinsa. Amma kaɗan ɗin ya isa: idan iskar shaƙa ta kutsa cikin bututu, tana mai da shi farar wuta. A tashar rage ƙarfin gas kuwa, sanyi yakan sa ta daskare a bakin bawul. Irin waɗannan tashoshi ne za a kafa don bai wa masana'antu gas.

Ta uku, wai ƙarfen da ba ya tsatsa ya raba gardama. Ina! Farar wuta da gishiri da zafi sukan huda shi, su tsattsaga shi. Shi ya sa ƙa'idar ISO 15156 take tambaya ko akwai farar wuta kafin a zaɓi ƙarfe. A filin man Kashagan na Kazakistan, gas mai tsami ya tsattsage bututu makonni kaɗan bayan fara aiki a 2013, ba a koma haƙo ba sai 2016. Can ba garin farar wuta ne ya yi ɓarnar ba, ɗan'uwansa ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma asara ce ta raina sinadari wajen zaɓen ƙarfe da walda.

Abin koya wa yaranmu shi ne busar da gas, hana iska shiga, share cikin bututu a kai a kai, da auna kaurinsa.