Shugabancin makarantu a kudancin Katsina: Shin digirin ƙetare ne mafita?

Tun daga shekarar 2023 ƙofofin da malaman Najeriya suka saba bi domin neman digiri na biyu a ƙasashen waje suke ta tsukewa, a daidai lokacin da makarantun yankin Funtua da Malumfashi, a kudancin jihar Katsina, suke ƙara buƙatar shugabannin da suka san aikinsu.

Fannin shugabanci da tsarin gudanar da ilimi na daga cikin fannonin da jami'o'in Birtaniya da Amurka da Maleshiya suke tallata wa ɗaliban ƙetare. A cikinsa ake koyar da yadda ake tafiyar da makaranta, da tsara kasafin kuɗinta, da sa ido kan koyarwar malamai, da kuma hulɗa da iyaye da hukumomi.

To amma tambayar ita ce, wane ne a wannan yanki na manoma zai iya kaiwa ga irin wannan karatu, kuma in ya dawo da takardar, wace dama ce tsarin da ke ƙasa zai ba shi ta yin aiki da ita?

Ƙofofin da suka tsuke

Matsala ta farko ita ce ta kuɗi. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira ta bi kasuwa. Dalar Amurka da hukuma ke sayarwa a kan kusan naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024, fam na Ingila kuwa ya kai kusan naira 2,000.

Kuɗin karatun digiri na biyu a fannin ilimi a jami'o'in Birtaniya yakan kama daga fam dubu 15 zuwa sama da fam dubu 25 ga ɗalibin ƙetare. Ke nan karatun fam dubu 20 ya tasar wa naira miliyan 40 a farashin canji na 2025, ban da kuɗin jirgi da na masauki. Wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024, sai ya tara albashin fiye da shekara 47 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya haɗa wannan kuɗi.

Ko waɗanda suka riga suka tafi ma ba su tsira ba. A watan Mayun 2024 an ba da rahoton cewa an umarci wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke arewa maso gabashin Ingila su bar ƙasar, bayan da faɗuwar naira ta sa suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci.

Matsala ta biyu ita ce ta biza. Daga ranar 1 ga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu na kwas-kwas tafiya da iyalansu, in ban da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Matakin ya taɓa 'yan Najeriya ƙwarai, domin a 2022 kaɗai an ba iyalan ɗalibansu biza fiye da dubu 60. Malamin da ya kai matsayin shugabantar makaranta kuwa galibi magidanci ne mai ɗawainiya. Ita ma Amurka a watan Yulin 2025 ta taƙaita akasarin bizar da take ba 'yan Najeriya zuwa ta shiga sau ɗaya, mai wa'adin wata uku.

Sai kuma tallafin gwamnati. Asusun TETFund, wanda ya daɗe yana tura malaman jami'o'i da kwalejojin ilimi karatu a waje, ya dakatar da wannan ɓangare daga farkon 2025, yana mai kafa hujja da tsadar canji da kuma yadda wasu ke ƙin dawowa bayan sun kammala. A cikin shekarar ne kuma ministan ilimi, Tunji Alausa, ya bayyana kawo ƙarshen shirin tallafin karatu na yarjejeniyar da ke tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe.

Hanyoyin kusa ma sun samu tasgaro. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya katse wata tsohuwar hanyar neman ilimi ta mutanen arewa. A watan Janairun 2024 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan da wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ya samu digiri a Kwatano cikin makonni shida.

Abin da ya rage dai shi ne guraben tallafi irin na Chevening da na ƙungiyar Commonwealth, waɗanda masu nemansu ke da ɗimbin yawa, da kuma karatu ta intanet.

Nauyin da ke kan shugaban makaranta

Shiyyar Funtua ta ƙunshi ƙananan hukumomi 11, ciki har da Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Ɗanja da Ƙanƙara da Faskari da Dandume da Sabuwa. Yanki ne da ya yi suna wajen noman auduga da masara da dawa, kuma rayuwar jama'arsa tana tafiya ne da damina da kaka.

Wannan ya shafi makaranta kai tsaye. Lokacin shuka da noman firi, da kuma lokacin girbi da tsinkar auduga, hannun yaro yana da daraja a gona, haka nan ranar kasuwa. Hedimastan da ya iya zama da mai unguwa da liman da iyayen yara har a cimma matsaya kan yadda yaro zai taimaka a gida ba tare da ya bar aji ba, ya yi babban aiki, ko da kuwa ba a rubuta shi a takardar ɗaukarsa aiki ba.

A kan wannan ne aka ɗora matsalar tsaro. A daren 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, suka kwashi ɗalibai zuwa daji. Ranar 17 ga watan aka sako yara 344. Tun daga lokacin shugaban makarantar kwana a wannan yanki ya zama mai tunanin katanga da masu gadi, da wanda zai kira in dare ya yi, da yadda zai kwantar da hankalin iyaye.

Barazanar ba ta kau ba. A watan Agustan 2025 an kashe masallata da dama a wani hari a Unguwar Mantau da ke ƙaramar hukumar Malumfashi. A watan Nuwamban shekarar kuma, bayan sace ɗalibai a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja, gwamnatin tarayya ta rufe wasu makarantunta na wani lokaci, ciki har da kwalejin 'yan mata ta Bakori da kwalejin kimiyya da fasaha ta Dayi.

Duk lokacin da aka rufe makaranta, shugabanta ne ke fama da abin da ke biyo baya: manhajar da ba a kammala ba ga jarrabawa ta ƙarato, da malaman da ke neman a sauya musu wurin aiki, da 'yan matan da iyayensu ba su mayar da su ba.

Akwai kuma batun kuɗi. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da rancen dala miliyan 500 ga jihohi bakwai har da Katsina, yana ba makarantu tallafin gyara ta hannun kwamitocin gudanarwa da al'umma ke ciki. Ma'ana, ana buƙatar shugaban makaranta ya iya tsara aiki, ya riƙe lissafi, ya kuma yi bayani a gaban jama'a.

Abin da waɗancan ƙasashe suka yi a gida

Rahoton UNESCO kan ilimi a duniya da aka ƙaddamar a birnin Fortaleza na Brazil a ƙarshen Oktoban 2024 ya mayar da hankali ne kacokan kan shugabanci. Ya yi kira da a riƙa zaɓen shugabannin makarantu ta hanyar gasa a fili, a horar da su kafin su kama aiki, sannan a ba su iko da amana. Bincike a wannan fanni ya daɗe da nuna cewa in aka cire koyarwar malami a aji, babu abin da ya kai shugabanci tasiri ga karatun yara a cikin makaranta.

Abin lura shi ne, ƙasashen da 'yan Najeriya ke zuwa neman wannan digiri sun fara ne da gyara tsarinsu na cikin gida. Ingila ta ƙirƙiro takardar ƙwarewa ta musamman ga masu neman zama shugabannin makarantu a 1997, ta kafa kwalejin horar da su a Nottingham a 2000, ta kuma wajabta takardar na wasu shekaru kafin ta mayar da ita zaɓi a 2012. Maleshiya, inda malamai da dama daga arewacin Najeriya suka yi karatu, tana da Cibiyar Aminuddin Baki, kuma tun 2014 ta wajabta wa sababbin shugabannin makarantu samun horonta.

A Najeriya kuwa, abin da aka saba shi ne matakin albashi da daɗewa a aiki su ne ke kai malami kujerar shugabanci. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi ne ke tura malaman firamare, ma'aikatar ilimi kuma ke kula da na sakandare. Shugaban makaranta ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke sallamarsa ba, kuma ikonsa kan kuɗi ƙalilan ne.

Saboda haka wanda ya kashe miliyoyin naira ya koyo yadda ake tafiyar da makaranta mai cin gashin kanta, zai dawo ne ya tarar da kujerar da ba ta da wannan iko. Ba abin mamaki ba ne in irin waɗannan suka karkata zuwa jami'o'i, ko ƙungiyoyin agaji, ko makarantun kuɗi na birane, ko kuma su yi zamansu a can.

Ilimin da ke kusa

Ba wai babu inda ake koyar da fannin a gida ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda tafiyarta daga Funtua ba ta kai awa biyu a mota ba, tana ba da digiri na biyu a fannin gudanarwa da tsara ilimi, haka ma Jami'ar Bayero ta Kano. A cikin jihar akwai tsangayoyin ilimi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. A matakin ƙasa kuwa akwai cibiyar NIEPA da ke Ondo, wadda aka kafa a 1992 domin horar da masu tsarawa da gudanar da ilimi, da kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna.

Katsina ta kuma ga shirye-shiryen da Birtaniya ta ɗauki nauyi, kamar na ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar, da na bunƙasa ƙwarewar malamai da aka fara a 2013 a Katsina da Jigawa da Zamfara. Sai dai irin wannan horo yakan tsaya ne ranar da kuɗin masu tallafi ya ƙare.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Radda, bayan hawanta mulki a 2023, ta ɗauki malamai fiye da dubu bakwai ta hanyar jarrabawa, ta kuma tura ɗalibai Masar karatun likita da ƙasar Sin karatun fasahar zamani. Wannan ya nuna cewa jihar tana iya tantance ma'aikata da cancanta, tana kuma iya kashe kuɗi kan karatun ƙetare in ta ga dacewarsa.

Karatun waje dai yana da nasa amfani, musamman ga 'yan kaɗan da za su dawo su horar da wasu, ko su tsara manufofi a ma'aikata. Amma makarantun shiyyar Funtua sun kai ɗaruruwa, kuma babu kasafin da zai iya tura shugabanninsu Nottingham ko Kuala Lumpur. Kuɗin ɗalibi ɗaya a Birtaniya zai iya horar da hedimastoci masu yawa a Zariya ko Katsina, a lokacin hutu, a kan matsalolin da suka baro a garuruwansu.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomin ilimi na jihar, wadda a cikinta aka buɗe kwalejin horar da malamai ta Katsina tun 1922, za su ɗaura naɗin shugaban makaranta da horo na wajibi, su kuma ƙara masa iko daidai da nauyin da ke kansa. In ba haka ba, takardar Zariya da ta Landan duka za su ci gaba da zama hanyar ƙarin girma ga mai ita, yayin da makarantar ƙauye ke nan yadda take.