Mun Zagi Baturen Da Ya Harbe Damisa, To Ina Tamu?

Duk bayan 'yan watanni sai hoton ya sake zagayowa a Facebook da WhatsApp: wani Bature ya durƙusa ya rungumo damisar da ya harbe, yana washe baki kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. A ƙarƙashin hoton kuma mu ne, muna ta zuba tsinuwa. Wannan ya ce azzalumi, wancan ya ce sun gama kwashe ma'adinanmu sun dawo kan dabbobi. Ni ban ce a daina zaginsa ba. Tambaya ɗaya nake da ita ga masu zagin, musamman mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura: tamu damisar, wane Bature ne ya harbe ta?

Bari mu fara da abin da shi Baturen ke yi, don da yawanmu hoton kawai muka sani. Attajiri ne zai taso daga Amurka ko Jamus ya sauka Zimbabuwe ko Namibiya ko Tanzaniya, ya biya kamfani kuɗin da kan haura dala dubu 20, a ba shi kamar mako biyu a daji tare da ƙwararren maharbi mai lasisi. Kwanakin farko yana harbin namun da ke kiwo a fili, jakin dawa da mugun dawa da dangin barewa. Wani naman a ci, wani kuma a rataye a reshen bishiya har ya fara wari. A ɗaura na'urar ɗaukar hoto a jikin bishiyar, a ga wace damisa ke zuwa ci. In ta saba da wurin, sai a yi masa bago can nesa kaɗan, ya zauna a kujera, bindiga a kan madogara. Da magariba dabba ta hau reshe, shi kuma ya ja kunama. A feɗe fata, a dafa ƙoƙon kai, a aika masa gida ya kafa a falo.

Wannan ba jarunta ba ce. Dabbar da Bahaushe ya yi wa kirari da "ƙi sabo", an saba mata da mushe an harbe ta tana cin abinci. Ko a fiƙihun da muka karanta a zaure, farautar da aka yi don nishaɗi kawai makaruhiya ce a wurin Malikawa. Harkar kuma ba ta rasa maguɗi: a Yulin 2015 wani likitan haƙori Ba'amurke, Walter Palmer, ya kashe zakin nan Cecil a gefen gandun dajin Hwange na Zimbabuwe, bayan an yaudaro shi da nama, zakin da masu bincike suka rataya wa na'urar bin sawu a wuya. Ƙauyukan da aka yi wa alkawarin kaso daga kuɗin farauta kuwa, sun daɗe suna kukan abin da ke isa gare su bai taka kara ya karya ba.

Amma akwai abu ɗaya a cikin wannan mummunar sana'a da ya kamata ya hana mu barci, shi ne lissafi. Damisa tana rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, don haka fatarta ba ta tsallaka iyaka sai da takarda. An yanka wa kowace ƙasa iyakar fatun da za ta fitar a shekara: Zimbabuwe 500, Tanzaniya 500, Namibiya 250, Afirka ta Kudu 150. Ana maƙala wa kowace fata lamba. A 2016 da 2017 Afirka ta Kudu ta hana harbin ko da guda ɗaya, saboda masananta sun ce alƙaluman da ke hannu ba su isa a ce farautar ba ta cutar da yawan damisun ba. Ka iya cewa alƙaluman sun yi yawa, masana da dama ma sun faɗa. Sai dai kafin ka yi gardama kan alƙalami, sai akwai alƙalamin.

Mu ina namu? Tarihin baka ya ce mafarauta ne suka kafa Kazaure: Kutumbi da mutanensa suka biyo nama daga wajen Dala, suka tarar da kwari tsakanin duwatsu mai ruwa da namun daji, wani ya ce wurin nan kamar zaure. Sunan garin kansa daga bakin mafarauci ya fito. Yau ka ɗauki yaro ɗan sakandare a Kazaure ka tambaye shi bambancin gwanki da kanki, ko mariya da mazo. Zai ɗauka sunayen unguwanni kake lissafawa. Sunayen suna nan a karin magana da tatsuniya, masu sunan sun tafi, kuma babu ofishi ɗaya da zai iya gaya maka shekarar da aka ga barewa ta ƙarshe a duwatsun Roni. Baturen can ya sayar da tasa da tsada yana ƙirgawa. Mu mun ƙarar da tamu kyauta, ko rasit babu.

Na san amsar da za a ba ni: gona ce ta cinye daji. Gaskiya ne, kuma ita ce babbar gaskiyar. Ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 45 a 1960 ta haura miliyan 200, kowa yana neman inda zai shuka gero da itacen da zai dafa shi. Ba wanda zai ce wa manomi a Gwiwa ya bar gonarsa don kura ta sami wurin kwana. To amma ɗan abin da gona ta rage fa, wa ke bin sa da wuta? Da kaka ta wuce sai a yi gayya, motoci cike da matasa da karnuka da gora da harba-ruga, a kewaye fegi a cinna masa wuta. Abin da za a kwaso zomo ne da kurege da gafiya da bushiya, har da damo. Ba a barin mai ciki, ba a barin ƙanƙani. Ciyawar da makiyayi zai ciyar da shanunsa da rani ta tafi, ƙananan bishiyoyi sun tafi, wani lokacin har da karan da manomi ya tara. Wanda ya ƙona daji guda don gafiya uku, da wane baki zai kira wani azzalumi?

Kada a ce babu doka. Arewa tana da dokar namun daji tun 1963, gwamnatin tarayya kuma ta yi dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, wadda ta haramta farautar damisa. Takardun suna nan lafiya lau a cikin kabad.

Wannan sakaci ya riga ya fara cin mutane. A Maris ɗin 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga jihar Ribas za su Kano yin sallah. Kisan gilla ne da ba shi da wani uzuri, kuma alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka zubar da shi. Amma bayan ta'aziyya, mu da kanmu ba mu zauna mun tambayi abin da ya sa mafaraucin ƙasar Kano yake ɗaukar karnukansa ya keta Najeriya tun daga sama har ƙasa ba. Sana'ar gado ce, dajin gida kuwa ya zama fayau. Duk mai ƙaunar mafarauta da gaske, dajin ya kamata ya fara yi wa kuka.

Akwai kuma masu cewa mu ma a kawo irin wannan farauta ta masu kuɗi a sami kuɗin shiga. A sayar musu da me? Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kusan 400 ne, na Najeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Najeriya ba ta da kason fatar damisa ko ɗaya a CITES. Ba a kafa rumfa a kasuwa da buhun da babu komai a ciki.

In misali ake nema, ba sai an je Namibiya ba, a leƙa arewa da Babura. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a Nijar 49 ne, a yankin Kure kusa da Yamai, kuma su ne na ƙarshe a Afirka ta Yamma. Aka hana harbinsu, aka riƙa ɗaukar hoton kowane ɗaya ana gane shi da zanen jikinsa, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin. Yau sun haura 600, suna kiwo a tsakiyar gonakin talakawa, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Nijar ba ta fi mu kuɗi ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar biliyan. Masarautar Kazaure, da ta Ringim da Babura ke ƙarƙashinta, suna da hakimai da dagatai da sarakunan baka, kuma mafarauci yana jin maganar Sarkin Baka fiye da ta kowane jami'i. A tsayar da watannin da ba a farauta. A hana farautar wuta gaba ɗaya, wanda ya cinna ya biya. A ware ko tsauni biyu ne a Roni a ce shekara biyar ba mai shiga da kare. Sannan a ƙirga. A Kazaure akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, akwai cibiyar koyon kwamfuta ta jiha, ɗalibai suna ta neman aikin kammala karatu. Ni aikina rubuta manhaja ne, kuma na san wadda mafarauci zai riƙa shigar da abin da ya gani da inda ya gan shi ba ta wuce aikin 'yan makonni ba. A fara da zomo da gada da dila, tunda su suka rage.