Ƙibar da Ba ta Lafiya Ba

Duk wanda ya saba ratsa Ƙofar Kuyambana bayan sallar Isha'i, ya kuma tsaya ya saurari abin da ake tambaya a ɗakunan kemis, zai tabbatar da cewa akwai wata 'yar ƙwaya mai arha wadda ta game gidajenmu, alhali galibin masu shanta ba su san sunanta ba, balle ɗabi'arta. Budurwar da aka sa wa ranar aure tana nemanta domin ta yi ƙiba, ita ce cikin abin da ake kira sha-ka-fashe. Dattijon da sanyin ƙashi ya hana wa ruku'u da sujada kuwa, a cikin haɗi ake ƙulla masa ita, washegari ya miƙe garau yana sa wa mai kemis albarka. Sunanta deksametason, 'yar'uwarta kuma firednisolon.

Butulci ne a musanta cewa wannan dangi na magani ni'ima ce daga Allah, domin tun a 1948, lokacin da likita Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya sa aka yi allurar kotizon ga wata mata da ciwon gaɓoɓi ya kwantar, ta tashi da ƙafafunta cikin 'yan kwanaki, har aka ba shi lambar Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu, likitoci ba su daina ceton masu asma da shi ba, kuma a 2020 masana na Jami'ar Oksfod sun tabbatar da amfaninsa ga waɗanda korona ta kai ga neman iskar taimako.

Sai dai hikimar Mahalicci ta hukunta cewa akwai wasu 'yan halittu biyu bisa ƙodojin ɗan Adam masu samar da irin wannan sinadari gwargwadon buƙata, waɗanda idan suka ga ana shigo da shi daga waje mako bayan mako sai su daina aiki. Daga nan fitina take farawa. Abin da amarya take gani a madubi tana murna, haƙiƙa ruwa ne da kitse suka taru a fuska da ciki da ƙeya, yayin da cinyoyi da damatsa suke ramewa, fata tana tsagewa, sukari yana hawa, jini yana hawa, ƙashi yana rubewa daga ciki kamar azarar da gara ta ci, ido yana yin yana, garkuwar jiki kuma tana raunana har tarin fuka da ya daɗe a kwance ya farka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dattijon nan, wanda maganin ya ɗauke masa raɗaɗi amma bai taɓa asalin cutar ba.

Malamanmu na fiƙihu sun lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofin Shari'a, saboda haka wajibi ne limaman unguwanni su ambaci wannan al'amari a kan mumbari, iyaye mata kuma su daina auna amarya da nauyi. Mai fama da kumburin gaɓoɓi, in ya rage sukari da lemon kwalba da soye-soye, ya bar taba, ya koma ga tuwon dawa da gero da wake da zogale, ya riƙa takawa zuwa masallaci maimakon hawan babur, ya kuma ba dare haƙƙinsa na barci, zai sami sassauci, ko da yake wannan ba ya maye gurbin abin da likita ya rubuta.

Wanda kuwa ya riga ya haura mako uku yana shan ƙwayar, kada tsoro ya sa ya yanke ta dare ɗaya, domin jininsa na iya faɗuwa har ya halaka. Ya ɗauki kwalin ko ƙullin ya nufi Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Shika, a gwada sukarinsa da jininsa, a rage masa ita sannu a hankali.