Wasiƙa ga Malaman Ingilishi Masu Koyarwa da Bidiyo

Zuwa ga 'yan'uwana malaman Ingilishi na Tamanrasset da ƙauyukan duwatsun Ahaggar irin su Tahifet, da takwarorinku na Agadas, Maraɗi da Kano.

Tun watan Satumban 2022 da Aljeriya ta shigar da Ingilishi aji uku na firamare, jami'o'inta kuma suka soma karkata gare shi a 2023, nauyi ya hau wuyanku. Yaron Tahifet yana tashi da Tamahak a gida, ya tarar da Larabci a makaranta, ga Faransanci, yanzu ga harshe na huɗu wanda ba ya jin sa a kasuwa ko a majalisar shayi. Shi ya sa da yawanku kuka rungumi bidiyo, kuma kun yi daidai. Roƙona ɗaya ne: kada kallo ya cinye darasi.

Ku dubi Japan. Ɗalibi yakan yi shekara shida yana karatun Ingilishi a sakandare, ya shiga jami'a da nahawu cike da kai, amma ana yi masa tambaya sai ya sunkuyar da kai. Gwamnatinsu ta kafa shirin JET a 1987 don kawo matasa masu jin harshen cikin azuzuwa, aka ƙara gwajin sauraro a jarrabawar shiga jami'a a 2006, daga 2021 kuma aka daidaita makin sauraro da na karatu. Kayan aiki ba su ne damuwarsu ba. Buɗe baki ne. Mu ma haka. A Najeriya, hatta gwajin furuci na WAEC da fensir ake amsa shi, ɗalibi ya ci maki bai ce uffan ba.

Muna da darasi a gida. Kanawa sun shafe shekaru masu yawa na rayuwarsu suna kallon finafinan Indiya a sinima, sun haddace kalmomi da waƙoƙi, amma kaɗan ne suka iya hira da Indiyanci. Waɗanda suka iya ɗin su ne masu fitowa daga sinima suna kwaikwayon jarumi, suna maimaita zancensa ga abokai har harshe ya saba. Wannan kwaikwayon shi ne aikin da ya kamata ajinku ya yi.

Saboda haka ku gajarta. Minti biyu na bidiyo sun isa darasi guda. Ku fara nuna shi babu murya, ku tambaya: su wane ne waɗannan, me ya haɗa su, me mai shagon zai ce? Ku tsayar a tsakiyar zance, ɗalibai su ƙarasa da bakinsu, sannan su ji yadda aka faɗa. Wata dabara da nake matuƙar so ita ce a zaunar da ɗalibai biyu-biyu, ɗaya yana fuskantar allo, ɗaya ya ba shi baya. Mai gani ya bayyana wa ɗan'uwansa abin da ke faruwa. Yarinyar da kunya ke hana ta magana gaban aji, sai ka ji ta tana zuba zance ga ƙawarta, domin babu wanda ya zuba mata ido.

Rubutun ƙasan allo kuwa, in da Larabci ne ko Faransanci, ku kashe shi. Ido zai yi karatu, kunne ya yi barci. Na Ingilishi ma sai a kallo na uku. Ku riƙa tsayar da hoton a kan leɓen mai magana. Mai jin Larabci yana mai da "p" ta koma "b", Bahaushe yana haɗa ta da "f", Bajapane yana fama da "r" da "l". Abin da rediyo ba zai nuna ba ke nan.

Kada ku tsaya ga muryar Landan ko Washintan kaɗai. Darussa 52 na Let's Learn English na Muryar Amurka suna da amfani, ku sauke su a gari ku kai ƙauye a katin waya, tun da intanet ba abin dogaro ba ne ko'ina. Amma ɗalibinku da ɗan kasuwar Najeriya zai yi magana, da injiniyan Sin, da Bajamushen da ya zo hawa dutsen Assekrem. Ku sa masa muryoyinsu a kunne tun yanzu.

A ƙarshen zango, ku juya wayar ta kalli ɗalibai. Su ɗauki kansu suna cinikin dabino ko suna kwatanta wa baƙo hanya, su kalla, su sake ɗauka. Ku rubuta kurakuran a takarda ku ba kowa nasa a keɓe, kada ku katse yaro yana tsakar magana.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a aikin koyarwa.