Magungunan ciwon gajartar hanji: masu cutar kaɗan, cinikin biliyoyi

Ciwon gajartar hanji na daga cikin cututtukan da ba kasafai ake samunsu ba, amma kasuwar magungunansa ta sa manyan kamfanoni kashe biliyoyin daloli.

Cutar dai kan samu ne idan likitoci suka yanke wani babban ɓangare na ƙaramin hanji, har abin da ya rage wa baligi ya gaza mita 2. Daga nan jiki kan kasa tsotsar abinci da ruwa yadda ya kamata, lamarin da kan tilasta wa majiyyaci dogaro da abincin da ake ɗura masa ta jijiya, sau da yawa tsawon dare.

Farashi mai tsada

A shekarar 2012 ne hukumomin Turai da Amurka suka amince da teduglutide, wata allurar kullum da ke ƙara wa ragowar hanjin ƙarfin tsotsa. Ana sayar da ita da sunan Gattex a Amurka, Revestive kuma a Turai.

Kamfanin NPS ya yanke mata farashin kimanin dala 295,000 a shekara ga mutum guda. Hujjarsa ita ce masu bukatarta 'yan dubbai ne, kuma ciyarwa ta jijiya ma na lashe maƙudan kuɗi.

Wata dokar Amurka ta 1983 ce ta share fagen irin wannan ciniki, domin ta bai wa mai haɗa maganin cutar da ba ta yawaita ba damar cin kasuwarsa shi kaɗai na shekaru 7.

A 2015 kamfanin Shire ya sayi NPS kan dala biliyan 5.2, kafin Takeda na Japan ya haɗiye Shire ɗin a 2019.

Abokan hamayya sun gamu da cikas

Fatan da ake da shi na sauƙin farashi ya ta'allaƙa ne kan gasa, sai dai masu neman shiga kasuwar sun sha tuntuɓe.

A Disambar 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da glepaglutide na kamfanin Zealand Pharma na Denmark, tana neman ƙarin gwaji.

Haka ma Ironwood, wanda ya biya kusan dala biliyan 1 a 2023 domin mallakar apraglutide, allurar mako-mako, ya bayyana a 2025 cewa an bukaci ya sake wani babban gwaji.

Wa aka bari a baya?

Kasuwar dai ta tattaru ne a Amurka da Turai da Japan, inda inshora ko gwamnati ke biya.

A akasarin ƙasashen Afirka kuwa, inda murɗewar hanji da gwaiwar da ta shaƙe kan kai ga yanke hanji, ciyarwa ta jijiya a gida ma ba ta samuwa, ballantana allurar.

Ko da gasar ta kankama har farashin ya ragu da rabi, to, zai ci gaba da fin ƙarfin waɗannan majiyyata nesa ba kusa ba.