Hoton Ƙashi Na Farko Ba Shi Ne Hukunci Ba

Akwai wata magana da kan mayar da mai ciwon sukari gida cikin murna alhali bai tsira ba, wato "an ɗauki hoton ƙafar, ba a ga komai ba." A ra'ayina wannan murna ta yi wuri.

Ciwon sukari kan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini. Sai mutum ya taka ƙusa bai sani ba, rauni ya zama gyambo, ƙwayoyin cuta su bi ta nan har su cim ma ƙashi. To amma hoton eksire ba ya nuna ɓarnar nan take. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 3, sai ƙashin ya rasa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na sinadaransa, sannan ido ya gani.

Abin da likita ke nema a hoton shi ne gefen ƙashi da ya zaizaye, ko wurin da ya yi duhu kamar gara ta ci, ko sabon ƙashi siriri da ya shimfiɗu a gefe, ko guntun mataccen ƙashi da ya ware. Galibi daidai ƙarƙashin gyambon ake samun su: a yatsu, ko tushen yatsu, ko dunduniya. In kuwa an ga iska a cikin nama, batun ya zama na gaggawa. Akwai kuma ƙafar Shako, mai sunan wani likitan Faransa, wadda ke rugurguza gaɓoɓin tsakiyar ƙafa ba tare da ƙwayar cuta ba, tana kuma iya rikita mai duba hoto.

Wani zai ce na'urar MRI ta fi saurin ganowa. Haka ne, sai dai tana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Don haka nake ganin kada a sallami mai gyambo da hoto guda. A zura tsabtataccen tsinken ƙarfe cikin gyambon, in ya taɓa ƙashi to akwai abin tsoro. A sake hoto bayan mako 2 zuwa 4, a gwada shi da na farko.

Mu kuma masu jinya a gida, mu adana hoton farko, mu koma da shi ranar da aka ce. Kuɗin hoto na biyu bai kai darajar ƙafar da za a yanke ba.